Nasiha ga ƙannena masu alkalancin besbol a filayen unguwa

Assalamu alaikum. Wannan magana tawa ta ƙannenmu da 'ya'yanmu mazauna Amurka ce, musamman na Bronx da sauran unguwannin New York inda Hausawan Ghana da Nijar da Najeriya suke da yawa, waɗanda suka fara karɓar alkalancin wasan besbol a gasannin yara da na makarantun sakandare domin samun na kashewa a ƙarshen mako. Aikin halal ne, kuma ana neman masu yin sa ido rufe, domin a shekarar 2022 ƙungiyar NFHS, wadda ke tsara dokokin wasannin sakandare a ƙasar, ta bayyana cewa alkalan wasanni daban-daban kimanin 50,000 ne suka ajiye aikin tun daga kakar 2018 zuwa 2019. Abin da ke damuna shi ne yadda wasunku suka ɗauki wannan ƙaranci a matsayin lasisin zuwa fili yadda suka ga dama, tun da sun san ba za a sallame su ba. Shigar alkali da kayan aikinsa wani ɓangare ne na adalcin da aka ɗauke shi ya yi, kuma wanda ya yi sakaci da su, a kan yaran mutane sakacin nasa yake ƙarewa.

Bari in fara da kayan kariya, domin a nan ne wannan magana ta fi fitowa fili. Alkalin da ke tsaye bayan mai cafe, wato ɗan wasan da ke durƙushe bayan mai bugu yana cafe ƙwallon da aka jefo, yana fuskantar ƙwallo mai tauri wadda nauyinta bai kai giram 150 ba, amma yaron sakandare mai ƙarfin hannu yana iya jefo ta da gudun da ya haura kilomita 130 a awa guda, kuma idan ta gogi gefen gorar mai bugu sai ta sauya hanya ta yo kan alkali kafin ya ƙifta ido. Jikin ɗan Adam ba ya mantuwa da zafi. Wanda ƙwallo ta taɓa samu a ƙashin wuya saboda sulken ƙirjinsa ya yi masa yawa ya zame ƙasa, ko a ɗan yatsan ƙafa saboda ya zo da takalmin gudu maimakon mai ƙarfe a baki, to a jifa na gaba zai runtse ido ko ya kau da kai ba tare da ya yi niyya ba, kuma a daidai wannan ɗan lokacin ne ƙwallo take ratsa farantin gida, wato farar alamar da ke ƙasa gaban mai bugu, wadda da ita alkali yake auna kyawun jifa. Idan bai gan ta ba, sai ya yi hukunci da zato, ya fitar da yaron da bai cancanci fita ba, ko ya hana mai jifa haƙƙin guminsa. Saboda haka garkuwar fuska, da sulken ƙirji mai tauri wanda ya rufe ƙashin wuya da kafaɗu, da makaran ƙauri, da takalmi mai ƙarfe, da abin kare gaba wanda kunya take hana wasu saye, duk suna da aiki guda: su sa kanka ya tsaya cak, idonka a buɗe, har ƙwallo ta shiga hannun mai cafe.

Kada wani ya raina ɗan abin nan da ke reto a ƙasan garkuwar fuska domin kare maƙogwaro. A shekarar 1976 gora ta karye a hannun wani mai bugu na ƙungiyar Los Angeles Dodgers, tsinkenta ya tashi ya soki abokin wasansa Steve Yeager a wuya yana jiran layinsa, sai da aka yi masa aiki a asibiti. Bayan haka ne mai kula da lafiyar 'yan wasan ƙungiyar, Bill Buhler, ya ƙirƙiro wannan makari domin Yeager ya ci gaba da aikinsa na mai cafe, daga nan ya bazu ga sauran masu cafe da alkalai. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kuma ban ga hujjar da alkali zai kawo ta rashinsa ba. Ita kanta garkuwar fuskar tana bukatar kulawa: matashin da ke cikinta yana tsufa ya taurare da gumi har ya daina shanye ƙarfin bugu, ƙarfen da ya lanƙwashe kuwa ya gama aikinsa, sai dai a sauya shi. Na san kayan nan suna da tsada ga ɗalibi, kuma babu laifi a sayi na hannu daga tsofaffin alkalai ko a nemi aro daga ƙungiyar yanki, waɗanda da yawansu sukan taimaka wa sababbin shiga. Amma araha ba ta ado, kuma abin da zai tsaya tsakanin ƙwallo da ƙwaƙwalwarka bai kamata ya zama wurin da za ka yi tsimi ba.

Dalilin da ya sa ake sa sulke a ƙarƙashin riga ma yana da tarihi. A da, alkalai da yawa sukan riƙe wani babban matashi a gabansu, wanda yake tilasta musu leƙen ƙwallo ta saman kan mai cafe. Bill Klem, wanda ya yi alkalanci a gasar National League daga 1905 zuwa 1941, yana cikin waɗanda suka yaɗa sa sulke a ciki, domin hakan yana ba alkali damar durƙusawa a tazarar da ke tsakanin mai bugu da mai cafe, inda zai ga faranti gaba ɗayansa. Gasar American League ta daɗe a kan tsohon salo, kuma alkalinta na ƙarshe mai riƙe matashin, Jerry Neudecker, sai a 1985 ya yi ritaya. Wannan tazara da ake koya muku tsayawa a cikinta ita ce wurin da aka fi gani da kyau, kuma ba ta da amfani ga wanda kayansa ba su zauna a jikinsa ba, domin tsoro zai mayar da shi ya laɓe bayan mai cafe.

Sai batun tufafi. Abin da aka saba a yawancin ƙungiyoyin alkalai shi ne wando ruwan toka, da baƙin bel, da baƙar safa, da baƙin takalmi gogagge, da riga mai launin da ƙungiya ta amince da shi, sau da yawa baƙa ko shuɗiya, a cusa ta cikin wando. Wandon alkalin faranti ana yin sa da faɗi domin makaran ƙauri su shige ciki. Wanda ya ɗaura su a kan wando ya sanar da kowa cewa bai taɓa zama an koya masa aikin ba. Hular hana-salla bakinta gaba yake kallo, ko da a ƙarƙashin garkuwar fuska ne, shi ya sa ake yin ta alkalin faranti da gajeren baki, kuma wajibi ne ka yi ta gwaji a gida har ka iya cire garkuwar da hannun hagu ba tare da hula ta faɗi ba. Na'urar ƙirga jifa ma a hannun hagu take zama, saboda da hannun dama ake nuna hukunci. Ka kira abokin aikinka tun daren jiya ku daidaita launin riga, domin alkalai biyu masu riga daban-daban sun nuna wa masu horarwa cewa ba su yi magana da juna ba, kuma mai horarwa mai wayo zai nemi ya shiga tsakaninsu. Rigar wata ƙungiyar ƙwararru ko hularta, ko da ta Yankees ce da kuke ƙauna a Bronx, ba ta da wuri a jikin alkali, har a wurin ajiye motoci.

Wani zai ce yara 'yan shekara 10 ne suke wasan, wa zai duba gugar wando? Iyayensu suna dubawa, masu horarwa suna dubawa, kuma ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Hukuncin da ya zo kusa da kusa, wanda babu mai iya rantsuwa a kansa, ana karɓarsa daga alkalin da ya shigo tsaf, ana kuma yin gardama a kansa idan ya fito daga bakin wanda ya zo da gajeren wando da riga a yamutse, alhali hukuncin ɗaya ne. Ban ce wannan daidai ba ne, amma haka mutane suke, kuma ku da kuke matasa, baƙaƙen fata, 'ya'yan baƙi, kun fi kowa sanin cewa ana auna ku tun kafin ku buɗe baki. Ku tuna kuma cewa gasar Little League, wadda Carl Stotz ya kafa a garin Williamsport na jihar Pennsylvania a 1939, har yau alkalan babbar gasarta ta duniya da ake yi kowane watan Agusta 'yan sa-kai ne da ba a biyan su ladan wasa, kuma ba za ka ga ɗayansu ya shigo fili da takalmi mai ƙura ba. Rashin albashi mai tsoka bai zama uzuri gare su ba.

Faɗin farantin gida inci 17 ne, wato kimanin santimita 43, kuma a gefunansa ake samun yawancin saɓani. Aikin ɗan buroshin da ke aljihunka shi ne ya sa gefunan nan su fito fili. Ka share faranti da shi, kana sunkuye ka ba mai jifa baya, kada ka share da ƙafa.

Lafiyar jiki ma tana cikin kayan aiki. A wasa guda alkalin faranti yana iya durƙusawa ya miƙe fiye da sau 200, cikin zafin Yuli, da sulke a ƙirji, kuma wanda ya gaji a zagaye na shida hukuncinsa ba zai yi daidai da na zagayen farko ba. A ranar 1 ga Afrilu, 1996, John McSherry, ƙwararren alkali ɗan shekara 51, ya faɗi a fili a Cincinnati jim kaɗan bayan fara wasan buɗe kaka, ciwon zuciya ya yi ajalinsa. Ajali na Allah ne, amma an umurce mu da kula da amanar jiki: ku sha ruwa tsakanin zagaye, ku motsa jiki kafin kaka ta fara, kuma wanda ya ji wani abu a ƙirjinsa ya ga likita kafin ya karɓi wasa.

Game da ɗabi'a, ku iso fili aƙalla rabin awa kafin lokaci, ku yi sallarku a natse idan lokacinta zai shiga cikin wasa, ku zauna da abokin aiki ku raba wa zai duba me. Ku shiga fili tare. A ganawar da ake yi da masu horarwa a gaban faranti kafin a fara, ku gabatar da kanku, ku karɓi takardun jerin 'yan wasa, ku tabbatar daga bakinsu cewa kayan yaransu sun cika ƙa'ida, ku fayyace dokokin wannan filin, sannan ku rufe bakinku. Ba wurin wa'azi ko barazana ba ne. Waya ta zauna a mota ko a jaka. Kada ku jingina da shinge kuna hira da iyaye tsakanin zagaye, ko da maƙwabcinku ne ko ɗan garinku, domin ɗaya ɓangaren yana kallo, kuma gaisuwar Hausa mai tsawo da wani uba, a idon wanda ba ya jin harshen, tana iya zama abin zargi. Ku gaisa bayan an tashi, nesa da fili. Kada kuma ku keɓe da yaron da ba naku ba a kowane hali. Binciken tarihin masu aiki da yara da gasannin nan suke yi an kafa shi ne domin kare yaran, kuma bin ƙa'idarsa kariya ce gare ku. Idan aka ji tsawa ko aka ga walƙiya, ku fitar da kowa daga fili, kada a dawo sai an yi minti 30 ba a sake ji ko gani ba, komai matsin da masu horarwa za su yi muku.

Kuskure kuwa za ku yi shi, kuma abin da dokokin wasan suka hore ku da shi shi ne kada ku rama wa wanda kuka cuta ta hanyar cutar ɗaya ɓangaren a hukunci na gaba, domin zalunci biyu kenan. A ranar 2 ga Yuni, 2010, a Detroit, Armando Galarraga ya fitar da masu bugu 26 a jere, saura mutum ɗaya ya kammala wasa marar aibi, wato wanda babu mai bugu ko ɗaya da ya tsira a cikinsa, abin da 'yan kaɗan ne suka taɓa yi a tarihi, sai Jim Joyce, alkalin tashar farko, wato wurin da mai bugu yake fara rugawa bayan ya buga ƙwallo, ya ce Jason Donald na Cleveland ya tsira, alhali bidiyo ya nuna ya fita. Da Joyce ya ga bidiyon bayan wasa, ya nemi Galarraga ya ba shi haƙuri, ya kuma amsa laifinsa a gaban 'yan jarida ba tare da kwana-kwana ba. Washegari ya sa kayansa ya fito alkalancin faranti, Galarraga ne ya kawo masa takardar jerin 'yan wasa, suka yi musafaha. Ku lura da lokacin da ya yi hakan: a cikin fili ya tsaya a kan abin da ya gani, bai sauya hukunci saboda ihun jama'a ba, ya bar masu fushi suka faɗi abin da ke ransu, amsa laifin kuma ya zo bayan ya tabbatar. Yawancin irin wannan kuskure a matakinku gaggawa ce take kawo shi, don haka ku bari abin ya gama faruwa, ku tabbata ƙwallo tana hannun mai tsaro ba ta faɗi ba, sannan ku ɗaga hannu.

Mai horarwa yana da damar tambayar ku a kan fassarar doka, kuma ya cancanci ku cire tabarau ku saurare shi ku amsa da murya ƙasa-ƙasa. Ba shi da damar gardama a kan abin da ido ya yanke, kamar kyawun jifa ko fitar ɗan wasa. Idan ya wuce iyaka ku gargaɗe shi, idan ya zagi mutuncinku ku fitar da shi ba tare da kun rama ba. Da an kammala wasa ku miƙa ragowar ƙwallaye, ku fita tare da abokin aikinku ta hanyar da ba ta ratsa 'yan kallo ba, ku rubuta rahoton korar a daren nan da ainihin kalmomin da aka faɗa, ku aika wa mai raba muku wasanni, kuma kada ko kalma ɗaya daga ciki ta hau Facebook ko zauren WhatsApp.