Damuwar ɗalibanmu: a hannun wa ya kamata wayar ta kasance?

Bara, ana tsakiyar zango na biyu, aka kira yayata daga wata makarantar kwana ta 'yan mata aka ce ta zo ta ɗauki 'yarta. Yarinyar tana aji biyar na sakandare. Sau uku a mako guda tana yanke jiki ta faɗi a wajen taron safe, ta ƙame, ido a buɗe, ba um ba um-um. Kafin uwar ta isa, ɗakin kwana ya riga ya yanke hukunci: iskoki ne. Aka dawo da ita gida, aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. Ban raina ko ɗaya ba, addu'a takobin mumini ce. Sai dai duk tsawon makonnin nan babu wanda ya zaunar da ita ya ce, "Me ke cin ki?" Har da ni.

Ita ce ta turo mini saƙon murya da wayar mahaifiyarta, wajen ƙarfe ɗayan dare, tana raɗa. "Kawu, tun da aka sace ƙawata a hanyar garinsu ba na iya barci. Da na rufe ido sai in ji ƙarar babura. Don Allah kada ka gaya wa Umma." Kafin asuba ta goge saƙon.

Wannan daren nake tunawa duk lokacin da na ji ƙungiyoyin agaji suna maganar kai wa ɗaliban ƙasashe matalauta tallafin lafiyar ƙwaƙwalwa ta wayar salula. Lissafinsu yana kan hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan larurori kafin shekara 14 suke somawa. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga jama'a sama da miliyan 200. A Arewa, in an ambaci Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da asibitin Maiduguri, an kusa ƙare lissafin manyan asibitocin ƙwaƙwalwa, kuma sunansu kaɗai ya isa ya sa uba ya ce ɗansa ba mahaukaci ba ne. Ga satar ɗalibai a Chibok a 2014, Dapchi a 2018, Ƙanƙara a 2020, Jangebe a 2021, Kuriga a 2024: yaran da suka dawo, da dubban da suka ji labari suna kwana da fargaba, duk aji ɗaya suke zama. Likita ba zai kai gare su ba, waya kuwa ta shiga ko'ina.

Waya ce ta buɗe bakin 'yar yayata, wannan ba na musu. Abin da ba ta iya faɗa ido da ido ba ta faɗe shi cikin duhu. Amma wayar ba tata ba ce, kuma a nan yawancin tsare-tsaren suke tuntuɓe. Makarantun kwana sun hana ɗalibai riƙe waya. A gida, wayar uwa ce ko ta yaya, kowa yana ɗauka, kuma budurwar da aka gani tana latse-latse da dare sai ta yi bayani. Wanda zai iya saukar da manhaja, ya sayi data, ya karanta dogon Turanci a kan allo, shi ne ɗan da iyayensa ma za su iya kai shi asibitin kuɗi. Ɗan ƙauyen da aka kora daga gonarsu yana can baya, inda aka saba barinsa.

Ra'ayina shi ne a sa wayar a hannun mai sauraro: wani mutum da aka horar, yana nan cikin makarantar, yara sun san fuskarsa kuma sun amince da shi.

Ƙasashen da suka riga mu gwadawa sun nuna hanya. A Zimbabuwe, likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya fara shirin Friendship Bench a unguwar Mbare ta Harare da kakanni mata 14, suna zama kan benci a harabar ƙaramin asibiti suna sauraron masu damuwa. Ba su ce wa kowa "kana da taɓin hankali" ba. Kalmar harshensu na Shona suka ɗauka, kufungisisa, wato yawan tunani, daidai abin da Bahaushe yake nufi in ya ce "tunani ya yi masa yawa". A Kenya, cibiyar Shamiri tana horar da matasan da ba su daɗe da gama sakandare ba, su koma makarantu su zauna da ɗalibai rukuni-rukuni, awa ɗaya a mako har mako huɗu. Gwajin da aka wallafa a 2021, kan ɗalibai 413, ya nuna damuwa da fargabarsu sun ragu fiye da na takwarorinsu da aka koya wa dabarun karatu kawai.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na jihar Bihar a Indiya, shirin SEHER, a makarantun gwamnati sama da 70 na gundumar Nalanda. Tsari iri ɗaya aka kawo, amma a wasu makarantu aka damƙa shi ga wani mai ba da shawara da aka ɗauko daga wajen makarantar, a wasu kuma aka ɗora wa malamin makarantar. Sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna inda aka sa na waje, cin zali tsakanin ɗalibai da alamun damuwa sun ragu sosai. Inda aka bar wa malami, kusan babu abin da ya sauya. Ban ga laifin malaman ba. Mutumin da yake da ɗalibai ɗari a aji, ga albashi ba ya kai wata, ga bulala a hannunsa da safe, ta yaya yarinya za ta kawo masa sirrinta da rana? Duk kwamishinan da zai ce "ai muna da malaman ba da shawara a makarantunmu", ya fara zuwa ya ga ko darussa nawa aka jibga wa malamin.

To, me wayar za ta yi a hannun mai sauraron? Aiki mai yawa. Da ita zai riƙa jin darussan horo da Hausa, cikin murya, ko babu sabis. Da ita ƙwararre ɗaya a Kano ko Zariya zai bibiyi masu sauraro talatin duk mako, ya gyara musu kuskure. Ranar da yaro ya ce ya gaji da duniya, ko aka gane ya faɗa shan kodin da tiramol, da ita za a kira ma'aikacin jinya nan take, ba sai an jira ƙarshen zango ba. Ko a jihar Goa ta Indiya, inda ƙungiyar Sangath ta ƙera manhajar POD Adventures don koya wa ɗalibai warware matsalolinsu, a makaranta yara suke amfani da ita, da mai ba da shawara a kusa.

Akwai sharaɗi biyu da ba zan sassauta ba. Kada a tona ciwo in ba a tanadi inda za a tura mai shi ba; tara sunayen yara masu damuwa don cika rahoton masu ba da tallafi zalunci ne. Sannan sirri: sunan yarinya ya fita cewa "tana da matsalar ƙwaƙwalwa", a garuruwanmu har aurenta sai ya shafa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sanya wa hannu, aka sanar a Janairun 2023, ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, kuma a 2023 ɗin ce aka samu dokar kare bayanan jama'a. Ya rage ga jihohi su sa kuɗi a kasafi. Masu shaidar malanta ta NCE da ke zaune ba aiki, da 'yan bautar ƙasa, sun isa a fara da su, mace ga 'yan mata, namiji ga samari, tare da sanin iyaye da limaman unguwa.

'Yar yayata ta koma makaranta bayan wata ma'aikaciyar jinya, maƙwabciyarmu, ta yi ta zama da ita a soro duk yammacin Asabar har wata biyu. Ranar da na mayar da ita, na nemi a nuna mini ofishin ba da shawara. Da aka buɗe ƙofar, karyayyun kujeru ne jibge har rufi. Ɗalibai sama da dubu ne a makarantar.