Wa zai rera wa jikokinmu?

Shekara tara ke nan ina zaune a arewacin Ingila, amma a cikin ganuwar Katsina aka yanke mini cibi, gidanmu ba shi da nisa da hasumiyar Gobarau. A ɗakin karatu na unguwar da muke yanzu, duk Talata da hantsi ana shimfiɗa darduma a wani lungu, a tara jarirai da 'yan tatata, wata malama ta zauna a tsakiyarsu tana waƙa tana tafi har rabin sa'a. Kyauta ne. Akwai kuma na kuɗi a wasu zauruka, inda ake raba wa yara ƙananan ganguna da kacau-kacau.

Ran da na fara kai ɗiyata tana wata takwas, furfura ce ta fara ɗaukar hankalina. Da yawa daga cikin waɗanda suka kawo yaran kakanni ne. Wani dattijo mai farin gemu ya zauna dirshan a ƙasa, jikansa a cinya, yana riƙe da hannuwan yaron yana tafa masa su, bakinsa na bin waƙar, ba kunya ba waige. Dalilin yawansu ba ɓoyayye ba ne. Kuɗin gidan reno a ƙasar nan ya yi tsada, uwa da uba duk suna fita aiki, sai nauyin ya koma kan tsofaffi. Har gwamnati ta san da haka: tun 2011, kakar da ke kula da jika ɗan ƙasa da shekara 12 tana iya neman a lissafa mata wannan hidima cikin shekarun da ake ƙirgawa na fansho.

Na dawo gida ranar zuciyata a cunkushe, don na gane cewa abin da waɗannan mutane suka sa wa rana da sa'a, har wasu suke biya, shi ne abin da na tashi a cikinsa ban san yana da daraja ba.

A wajenmu ai kaka ce makarantar farko, kuma al'ada ce da kanta ta tsara haka. Mace mai cikin fari gidan iyayenta take komawa goyon ciki. Kwana 40 na wankan jego, tsohuwa ce ke karɓar jariri, ta yi masa wanka, ta gasa masa cibi, ta jijjiga shi tana masa waƙa. Uwa kuwa kunyar ɗan fari ta ɗaure mata baki, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta tsaya yi masa kirari a gaban mutane. In lokacin yaye ya yi, gidan kaka ake kai yaro. Ga kuma wasan jika da kaka: namiji maigidanta ne, mace kishiyarta ce, kakan namiji kuwa jikanyarsa amaryarsa ce. Wannan wasa ne ke sa tsohuwar da kowa ke shakka a gida ta tashi ta taka wa ɗan wata shida rawa, ba mai cewa ta zubar da girma.

Kiɗa kuma bai jira an kai mu aji ba. Yaro yana goye a baya ake daka, mata biyu ko uku suna lugude, suna cilla taɓarya sama su tafa su cafe, bugun yana ratsa bayan mai goyon yana shiga ƙirjinsa. Da asuba waƙar niƙa ce ke tashinsa. Ranar suna a kifa ƙwarya a kan ruwa a yi kiɗa, 'yan mata su ɗauko shantu. In ya fara tafiya, ga gaɗa a dandali da farin wata, ga tashe in azumi ya kwana goma. Da dare kakata ta wajen uba takan tara mu a ɗakinta, ta ce “Ga ta nan, ga ta nanku,” mu ce “Ta zo mu ji ta,” kuma da wuya a kai ƙurunƙus ba a ratsa ta cikin waƙa ba, ita tana bayarwa mu muna amshi. Bayarwa da amshin nan, da shi malamar ɗakin karatu take fama duk Talata, tana so yara su koyi sauraro da jiran lokacinsu.

Akwai abin da ya sa wannan ya fi mana muhimmanci a kan Bature. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali. Kukan yaro daban, kukar miya daban. Fari na launi daban, farin rashin ruwa daban. Garin Katsina ba garin tuwo ba ne. A rubuce duk ɗaya suke, kunne ne kawai ke raba su, shi ya sa ma kalangu yake iya magana. Yaron da bai sha Hausa ta waƙa tun yana goye ba, ko ya koye ta daga baya, za ka ji harshensa a miƙe kamar sanda. Ina jin haka a bakin 'ya'yan Hausawan da aka haifa a nan, kuma yana yi mini ciwo.

Masu tsara irin waɗannan azuzuwa a Turai sun san daga ina suka ɗebo. Wani masanin kiɗa ɗan ƙasar Hungari, Zoltan Kodaly, wanda har yau ake koyar da yara bisa tafarkinsa, tun wajen 1905 ya riƙa bin ƙauyuka yana tattara waƙoƙin manoma da tsofaffi, daga baya shi da abokinsa Bela Bartok suka ci gaba da aikin da na'urar ɗaukar murya. Ra'ayinsa shi ne yaro ya fara da muryarsa, kuma ya fara da waƙoƙin harshen da ya tsotsa. Wato sun bi tsofaffi sun kwashe abin da ke bakinsu kafin ƙasa ta rufe musu ido.

Mu fa? Bara da na je gida na duba da idon neman wannan abu. Injin niƙa ya kashe waƙar niƙa, ban kuma yi baƙin ciki ba, don na san wahalar dutse. Dandali ya watse. A ƙauyukan wajen Batsari da Jibiya da Safana, inda gaɗa ta fi daɗewa, rashin tsaro ya hana mutane zaman dare a waje, wasu ma ya raba su da gidajensu. A birni kuwa ango da amarya sun tare a sababbin unguwanni bayan ganuwa, kaka sai ranar Juma'a. Abin da ya fi tsaya mini a rai, na ga ɗan ƙanena mai shekara 2 a kan tabarma ɗaya da kakarsa, waya a hannunsa tana masa waƙar Turanci, ita kuma tana jan carbi tana kallonsa. Tana da waƙoƙi cike da ciki, ba wanda ya roƙe ta.

A bana mahaifiyata ta zo mana ziyara. Na ce, “Inna, gobe ke za ki raka kishiyarki makarantar waƙa.” Ta ce, “Ni da tsufana? In je in zauna cikin Turawa ina tafi?” Da ƙyar ta yarda. Sati biyu tana zaune a kan kujera a gefe, lulluɓe da mayafinta. A na uku malamar ta tambaya ko akwai mai waƙar reno ta ƙasarsu. Na taɓa ta na ce, “Inna, wadda kike yi mini.” Ta yi shiru, sannan ta sauko ƙasa, ta ɗora yarinyar a ƙafafunta, ta fara a hankali. Ba wanda ya ji kalma ɗaya, amma kafin ta kai baiti na uku ɗakin duk yana tafi a kan bugunta, dattijon nan mai gemu har da gyaɗa kai. Rabona da jin waƙar nan ya fi shekara talatin. A hanyar komawa ta ce mini, “Ashe ban manta ba.”

Ba ina cewa mu kwaso ajin Bature mu dasa a Katsina yadda yake ba. Rabin sa'a a mako, da baƙuwar malama, da waƙar da wani lokaci daga na'ura take fitowa, ba za su kama ƙafar abin da kakata ta ba ni ba. Amma sun fi mu abu biyu. Sun gane cewa zamani ya raba gidaje, abin da a da yake zuwa da kansa yanzu sai an sa masa rana. Kuma mazansu sun sauko ƙasa. Kakanninmu maza suna da wasa da jikoki, amma da wuya ka ji dattijo yana rera wa jariri, alhali a bakinsa akwai ƙasidu da waƙoƙin wa'azi da ya haddace tun yana makarantar allo.

Na san wani zai ce kiɗa fa akwai magana a kansa. Malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, kowa ya bi fahimtar da ya natsu da ita. Abin da nake magana a kai murya ce da tafi da cinyar kaka. Ai Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta ilmantar da matan karkara, kuma jaji, wato malaman da ta riƙa aikawa suna jagorantar ɗalibai mata da ake kira 'yan taru, dattawan mata ne.

Makarantun reno sun cika garin Katsina, kuma waƙoƙin Turanci ake rera wa yara a mafi yawansu. Me zai hana su ware safiya ɗaya a mako su gayyato kakannin yaran, a shimfiɗa tabarmi, tsofaffin su zama malamai? Islamiyoyin mata ma za su iya. Ɗaliban Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha su bi gida-gida da na'ura, daga Ƙofar Soro har Daura, su ɗauki muryoyin da karinsu, don takarda ba ta riƙe kari. Kai ma da kake karanta wannan, wayar da ke hannunka ta isa.

Inna ta koma gida watan jiya. Na roƙe ta duk waƙar da ta tuno ta aiko mini ta WhatsApp, yanzu ina da goma sha ɗaya. Biyu daga ciki ta ce ta manta ƙarshensu, za ta je Ƙofar Marusa ta tambayi yayarta, wadda ta haura tamanin, in ta ɗan ji sauƙin ƙafa.