Idan Abokinka Ya Riga Ka

Mutuwar fuju'a tana da wani irin duka da ba a samu a ta doguwar jinya. Jiya da daddare kuna majalisa kuna gardamar ƙwallo, yau da hantsi a kira ka a ce mota ta kife da shi tsakanin Zariya da Kano, ko ya kwanta lafiya lau bai tashi ba, jana'iza bayan Azahar. Kafin hankalinka ya dawo jikinka an yi masa wanka, an sa shi a likkafani, kai ne ma riƙe da makara.

'Yan uwana matasa, ku daina jin kunyar kuka, ku kuma daina ce wa mai hawaye "haba, namiji da kuka?" Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) yake cikawa, idanun Annabi sun zubar da hawaye, har Abdurrahman bin Auf ya ce, "Har da kai, ya Manzon Allah?" Ya amsa masa cewa wannan rahama ce. Ya ƙara da cewa ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗar komai sai abin da Ubangijinmu zai yarda da shi. Sayyidina Umar, duk da jarumtarsa, ranar wafatin Annabi ƙin yarda ya yi cewa ya rasu, sai da Sayyidina Abubakar ya karanta aya ta 144 ta Suratu Ali Imrana, sannan ƙafafunsa suka kasa ɗaukarsa. Idan Umar ya gigice, kai wane ne da za ka ce abin bai taɓa ka ba?

Inda ake jin tsoro shi ne harshe. "Da bai hau motar nan ba." "Da na hana shi tafiyar." "Da an kai shi asibiti da wuri." Wannan "da" ɗin ita ke hana mutum barci wata da watanni, kuma hadisin Muslim ya ce ita ke buɗe wa Shaiɗan ƙofar aikinsa, abin da aka koya mana shi ne mu ce Allah ne ya ƙaddara, abin da ya so shi ya aikata. Ba ina nufin a ƙyale direba mai gudun wuce sa'a ba, wannan a bi shi da hukunci. Amma kwanan abokinka ya ƙare, kuma ba a hannunka yake ba. Ka riƙe Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, ka haɗa da addu'ar da Ummu Salama ta yi bayan rasuwar mijinta: Allahumma ajirni fi musibati, wa akhlif li khairan minha. Ka yi ta maimaitawa ko da zuciyarka ba ta bin bakinka tukuna.

Sai kuma wata ɗabi'a da ta shigo mana, wadda ni dai ba na ganin uzurinta. Mutum na kwance cikin jini a bakin titi, wasu sun zaro waya. Uwa ta ga gawar ɗanta a WhatsApp kafin wani babba ya je ya sanar da ita cikin hikima. Wallahi wannan ba ƙauna ba ce. Ku rufa wa mamaci asiri, ku bari danginsa su fara ji.

Kwana uku ake zaman makoki, a naɗe tabarmi, kowa ya kama gabansa. To a nan aikin aboki yake farawa. Lokacin da Ja'afar bin Abi Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira, Annabi cewa ya yi a yi wa iyalansa abinci, domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Mu kuwa sai mu je gidan mutuwa muna jiran a fito mana da tuwo. Idan abokin naku ya bar mata, tana cikin takaba wata huɗu da kwana goma. Ku aika mata da hatsi ta hannun mata 'yan uwanku. Idan akwai marayu, ku haɗa kuɗin makarantarsu. Ku riƙa leƙa mahaifiyarsa, ko da ganinku zai sa ta kuka.

Kada ku manta da bashi. Ya zo a hadisin Tirmizi cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya. Iyayensa ba su san ana binsa kuɗin shayi da burodi ba, ba su san na mai kanti ko zubin adashin da ya ɗauka bai gama ba. Ku ne kuka sani, domin da ku yake zama. Ku zaga ku tambaya a asirce, ku haɗa abin da ya samu ku biya, wanda ya fi ƙarfinku ku kai wa magadansa a fitar daga dukiyarsa kafin a raba gado.