Jinyar mai ciwon raunin tsoka ta fi ƙarfin uwa ita kaɗai

Na gamsu da bayanin wani labari da na karanta cewa kulawar sauƙaƙa wa majinyaci wahala ba sai ajali ya matso ake fara ta ba. Ɗan ƙanwata a Tudun Wada yana fama da ciwon raunin tsoka nau'in Duchenne, wanda ya fi kama yara maza. Tun yana shekara 4 sai ya dafa cinyoyinsa kafin ya miƙe, yanzu kuwa yana 12, a keken guragu yake wuni. Mahaifiyarsa ce ke juya shi cikin dare don kada bayansa ya yi gyambo, dangi kuma suna cewa sammu ne, alhali ciwon gado ne da yakan taɓa numfashi da zuciya. Ina roƙon asibitocin Kaduna su riƙa tura ma'aikatan gashin ƙashi gidaje, su kuma duba lafiyar masu jinyar.