Yadda Na Gwabza da Takoyaki a Osaka

A darena na farko a Osaka, ƙanin wani abokina da ke karatu a can ya ja ni zuwa Dotonbori, unguwar da ta yi suna wajen abincin bakin titi. Muna tafe sai na hango wani mutum tsaye gaban tandar ƙarfe mai ramuka, yana zuba ƙullu yana juyawa da tsinke, da saurin da ko tsohuwar mai waina sai ta sara masa. Na ce a raina, ashe waina ta riga ni zuwa Japan.

Yaron ya ce, "Yaya, takoyaki ake ce masa." Na yi dariya, na ce abincin da sunansa ya ƙare da yaƙi ai na maza ne. Tambaya ɗaya kawai na yi, ko akwai naman alade a ciki, da ya ce babu sai na sayi guda takwas.

Tun daga kallon farko na fara shakka, domin an barbaɗa musu wani abu siriri wanda yake motsi kamar mai rai. Ya kwantar mini da hankali cewa busasshen kifi ne da aka kankare, tururi ne yake kaɗa shi. Don kada yaro ya raina ni, na soki guda ɗaya na jefa ta baki gaba ɗaya.

Bayanta ya huce, amma cikinta kunu ne da aka sauke yanzu daga murhu. Na kasa haɗiyewa, kunya kuma ta hana ni tofarwa a gaban jama'ar da ko takardar alewa ba sa yarwa a ƙasa, sai na tsaya baki buɗe ina huci, hawaye na zuba. Ana cikin haka haƙorina ya ci karo da wani abu mai tauri kamar roba.

Sai a lokacin malamin nawa ya ga damar yin fassara. Ya ce "yaki" a harshensu gashi ne ko suya, shi ya sa suke kiran tsiren kaza yakitori, "tako" kuwa ita ce dabbar tekun nan mai hannuwa takwas, kuma a nan Osaka aka ƙirƙiro abincin a shekarar 1935.

Na dubi bakwai ɗin da suka rage, na lissafa hannuwan dabbar, na tambaye shi ko ita ce ɗungurungum aka raba mini. Bai iya amsawa ba don dariya, kuma shi ya cinye sauran, yana hurawa a hankali kamar mutumin kirki.