Dakon da sai an cike takarda kafin a samu

"Duk wahalar da ka sha ka kai yaron nan Amurka, ƙarshenta dako zai yi?" Abin da Yaya ya ce min ke nan a waya ranar Juma'a, da na gaya masa babban yarona mai shekara 14 yana son neman gurbi a sansanin yara masu ɗaukar wa 'yan wasan golf jaka, idan dogon hutu ya zo. Na ce, "Allah ya huci zuciyar Yaya," muka yi sallama. Amma maganar ta kwana tana ci na.

Wurin yana tsibirin Nantucket a jihar Massachusetts, kusan kilomita 48 daga gaɓar Cape Cod. Daga Boston inda muke sai ka yi mota zuwa Hyannis, sannan ka hau jirgin ruwa, mai sauri awa guda, na ɗaukar motoci sama da awa biyu. A can gabashin tsibirin akwai filin golf na kulob ɗin Sankaty Head, gefensa wata doguwar hasumiyar haska wa jirage hanya, fara mai jan ɗamara a tsakiya, iska na kaɗawa ba dare ba rana. Tun 1930 kulob ɗin yake da sansani a cikin filin, inda samari wajen 60 ke kwana a ɗakunan katako daga ƙarshen Yuni zuwa Agusta. Da sassafe a tashe su, kowa ya gyara gadonsa, a duba tsafta, a karya kumallo, sai fili. Jaka ɗaya sanduna har 14, ramuka 18, tafiyar awa huɗu a ƙafa, wani lokacin jaka biyu, kowace kafaɗa ɗaya. Kuma ba ɗauka kaɗai ba ce. Yaro zai goge sanda, ya share yashi bayan an buga, ya riƙe tutar da ke nuna rami, ya faɗa wa mai wasa nisan rami da inda ƙasa ta karkata, ya kuma san lokacin da zai ja bakinsa ya yi shiru. Ana biyan sa, ya cire ɗan abin abinci da makwanci, sauran nasa ne.

To Yaya bai yi ƙarya ba, dako ne. Bambancin kawai, wannan dakon yana da ranar farawa da ranar gamawa, akwai babban da aka ɗora wa alhakin yaron, sannan akwai inda hanyar ta nufa. A 1913 wani saurayi ɗan shekara 20, Francis Ouimet, wanda ya tashi yana ɗaukar jaka a Brookline, kusa da Boston, ya lashe babbar gasar golf ta Amurka, US Open, a gaban gwanayen Birtaniya biyu, Harry Vardon da Ted Ray, mai riƙe masa jaka kuwa yaro ne ɗan shekara 10. Tun 1949 akwai asusun tallafin karatu da sunan Ouimet a jihar Massachusetts. A Chicago kuma tallafin Evans, wanda ya faro a 1930, yana biya wa irin waɗannan yara kuɗin jami'a da na masauki. Mu fa? Yaran da ke bin manya da jaka a filin golf na Kano ko Kaduna, ko masu riƙe linzami a filin folo, wa ya taɓa tambayar su ajin da suke?

Ba na cewa aljanna ce. Kulob ne na masu hannu da shuni, ba kowa ke leƙa shi ba, kuma raina ya ɗan sosu da na hasko ɗana baƙar fata yana bin attajiri a baya da kaya. Wannan kam na yarda.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda muka koma ƙyamar abin da namu ne tun asali. Tura yaro nesa da uwarsa don ya yi hankali, mu za a koya wa? Nan ƙasar sun sha tare ni da zancen almajirai, suna girgiza kai wai yaya za a raba yaro da gida, alhali su ma suna yi, har da alfahari. Tura yaron ba shi ne aibu ba. Inda muka lalace shi ne mun bar tura shi da guzuri, mun bar bin sawu, mun sakar wa malami ɗaya yara tari ba ko kwanon hatsi.

Kuma Yayan da ke wannan magana, shi ne fa ya riƙa ɗora min dilar atamfa a ka a Kantin Kwari duk hutun makaranta, daga bakin mota zuwa shagon kawunmu, ladan kuwa kwanon shinkafa da wake da rana. A shagon nan na koyi lissafi, na koyi gaida manya, na koyi jira a sallame ni kafin in tashi. Yarona bai san ko ɗaya ba. Baƙo zai shigo gidanmu, ya ɗaga masa hannu daga kan kujera, ido na kan waya. Na yi faɗan har na gaji. Ba ni da kawu a nan, ba ni da shago, ba ni da maƙwabcin da zai ja masa kunne in ba na nan. Idan Turawan tsibiri ne za su koya masa cire hula ya miƙa hannu ya dubi babba ya gaishe shi, zan sa hannu a takardar. Ban dai sake kiran Yaya ba tukuna.