Kayanka, a ba ka aro?

Tun jiya raina a ɓace yake. Muna maganar zinaren Asante sai wani ɗan'uwa, mai ilimi kuwa, ya ce min: "Malam, ai kamata ya yi mutanen Ghana su gode, tunda an ba su aro." Aro! Kalmar nan ta hana ni barci.

Kun dai san zancen. A 1874 sojojin Birtaniya suka shiga Kumasi, suka wawashe fadar Asantehene, wato sarkin Asante, suka rusa ta. Sai a 2024, bayan shekara 150, gidajen tarihin Landan biyu, British Museum da V&A, suka aika da kaya 32 gidan tarihin Manhyia, fadar Asantehene a Kumasi. Aro ne na shekara uku, wanda za a iya ƙara wasu uku. Wato jikokin masu kayan su zo su kalli takobin kakanninsu ta bayan gilashi, su yi hawaye, in wa'adi ya cika a naɗe a mayar Landan.

Ta yaya wanda ya ƙwace abu zai ba mai shi aro? Wanda ya karɓi aro ya amsa kenan cewa abin ba nasa ba ne. Wannan shi ne abin da ke ci min rai, ba tsawon wa'adin ba. Ko shekara ɗari suka bayar, in dai sunansa aro, an ci zarafin mai kaya sau biyu.

Za su ce doka ce ta ɗaure musu hannu, dokar 1963 da ta hana British Museum rabuwa da abin da ke taskarsa. To wa ya rubuta dokar? Ba majalisarsu ba? Faransa ma tana da irin wannan ƙa'ida, amma da ta ga dama sai majalisarta ta yi doka ta musamman, a 2021 aka mayar wa Jamhuriyar Benin kaya 26 na fadar Abomey. Jamus ta sa hannu a 2022 ta miƙa wa Najeriya mallakar kayan tagullar masarautar Benin ta Najeriya sama da 1,000. Gidan tarihin Fowler na Amurka ya mayar wa Asantehene kaya bakwai a 2024 ɗin nan dai, mayarwa ta har abada. Ashe ana iyawa. Tabarmar kunya ce kawai ake naɗewa da sunan doka.

Sai ɗaya hujjar, wadda ɗan'uwan nan ya yi ta maimaitawa: wai a can Landan kayan sun fi samun tsaro. Laifi tudu ne. A watan Agustan 2023 British Museum da bakinsa ya sanar cewa kayansa sun ɓace, daga baya aka ce sun kai kusan 2,000, waɗanda aka sace da waɗanda aka lalata. An yi ta sayar da wasu a kasuwar intanet ta eBay. Wani dillalin kayan tarihi ɗan Denmark ya ankarar da su tun 2021, suka yi watsi da shi. Da yawa daga cikin kayan ma ba a rubuta su a kundi yadda ya kamata ba. Shugaban gidan, Hartwig Fischer, sai da ya ajiye aiki. Wannan ne mai tsaron da za a ce ya fi mai kaya sanin darajar kayansa?

Ba na musun cewa akwai haɗari. An wawashe gidan tarihin Bagadaza a 2003, an wawashe na Khartoum a yaƙin Sudan, gobara ta cinye na Rio a Brazil a 2018. Duk suna min ciwo, wallahi. Amma in don ceto ake riƙe kaya, mai ceto taimako yake kawowa: ya horar da ma'aikata, ya gyara ma'ajiya, ya ɗauki hoton komai a ajiye. Ba ya cewa abin ya zama nasa, balle ya ba ka aro.

Kuma duk lokacin da aka ce mutanen Afirka ba sa iya kula da tarihinsu, Timbuktu nake tunawa. A 2012, da masu ɗauke da makamai suka kama garin suna rusa hubbaren waliyyai, mutanen gari ne, irin su Abdel Kader Haidara, suka riƙa cusa tsofaffin rubuce-rubuce cikin akwatunan ƙarfe da dare. Aka bi da su a motoci, wasu a kwale-kwale ta kogin Neja, shinge bayan shinge, har Bamako. Littattafan fiƙihu, na taurari, na magani, wasu takardun sun yi laushi har kana tsoron taɓawa. Da suka isa sai ga wani sabon abokin gaba da ba su saba da shi a hamada ba: danshin Bamako. Sai da aka nemo na'urorin tsotse laima da kwalaye na musamman, kowane littafi da nasa.